Malam Aminu Kano da Ma'aunin Amfanin Jama'a

Da me ake gane doka mai kyau daga maras kyau? Tambayar ta shafe mu ƙwarai, 'yan'uwana ɗalibai, domin mu da ke zaune a aji yau, gobe mu ne alƙalai da ma'aikata da 'yan majalisa. Zan kawo labarin mutum biyu da suka amsa ta, ɗaya Bature, ɗaya Bakano.

Baturen shi ne Jeremy Bentham, wanda aka haifa a Landan a 1748, ya rasu a 1832. Ya karanta shari'a, amma maimakon ya yi lauyanci sai ya duƙufa binciken dokokin Ingila, inda a zamaninsa akan rataye mutum saboda ƙaramar sata. A wani littafi da ya fitar a 1789, ya ce a auna kowace doka da abin da ta haifar: wane daɗi ta kawo, wace wahala ta jawo, kuma mutum nawa abin ya shafa. Wadda ta fi amfanar mafi yawan jama'a ita ce mai kyau. A wurinsa, cewa haka aka gada kaka da kakanni ba hujja ba ce.

To, wannan awo ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Malaman fiƙihu suna da abin da suke kira maslaha, wato jawo amfani da tunkuɗe cuta daga jama'a. Cikin waɗanda suka fito da shi fagen siyasa, babu kamar Malam Aminu Kano. An haife shi a birnin Kano a 1920, a gidan ilmi, mahaifinsa Malam Yusufu muhuti ne a kotun alƙali. Ya yi Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauchi inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, sa'an nan ya tafi ƙaro ilmi Landan a 1946. A 1950 ya ajiye aikin koyarwa a Maru, ya rungumi jam'iyyar NEPU wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta na wannan shekara, daga baya ya zama shugabanta. Kalmar da ba ta rabuwa da bakinsa ita ce talakawa, kuma su ne mafi yawan jama'a.

Bari mu ɗauki haraji mu ɗora a kan ma'aunin nan. A zamanin En'e, manomi a Lausu ko Kibiya cikin ƙasar Rano yakan biya haraji kowace shekara ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, makiyayi kuma ya biya jangali a kan kowace saniya. Ana karɓa ne da kaka, lokacin da amfanin gona ya fi araha, don haka dole manomi ya karyar da gyaɗarsa ko dawarsa ko akuyarsa. Wanda ya kasa biya ya gamu da dogarai da wulaƙanci a gaban iyalinsa, wani ma ya tsere ya bar gari. Alhali makaranta da asibiti da famfo sun fi yawa a birni. Ka ga wahala ta faɗa wa masu yawa, daɗi ya tsaya wurin 'yan kaɗan. Malam Aminu da mabiyansa sun yi shekara da shekaru suna yaƙi da wannan tsari, aka ɗaure da yawa daga cikinsu, aka yi wa wasu bulala. Mahaƙurci mawadaci: da jam'iyyarsa ta PRP ta ci zaɓen 1979 a jihohin Kano da Kaduna, Gwamna Abubakar Rimi da Gwamna Balarabe Musa suka soke haraji da jangali.

Haka nan batun mata. In har za a ƙirga amfanin jama'a, yaya za a bar rabinsu ba a ƙirga ba? John Stuart Mill, wanda ya tashi a kan koyarwar Bentham, ya nemi majalisar Ingila ta ba mata ƙuri'a a 1867, aka ƙi. Malam Aminu shi ma ya dage a kan ilmin mata da ƙuri'arsu, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan wannan hanya, amma matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976.

Sai dai ma'aunin Bentham yana da gurgunta. A ce mutum goma sun ƙwace gonar maraya sun raba, goma sun ji daɗi, ɗaya ya yi kuka, shin lissafi ya halatta abin ke nan? Ko kusa! Mill kansa ya yi gargaɗi a 1859 cewa masu rinjaye ma suna iya zalunci. Ashe amfanin jama'a sai an haɗa shi da adalci, domin haƙƙin mutum ɗaya ba ya faɗuwa don yawan masu cin sa.

Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Duk da ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Janar Gowon, bai tara dukiya ba. Gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero.

Saboda haka, 'yan'uwa, duk wanda ya zo mana da sabuwar doka ko alkawarin siyasa, mu tambaye shi abu uku: wa zai amfana, wa zai ɗauki nauyin, kuma haƙƙin wa za a taka? In ya kasa amsawa, mu san ramin kura ne aka rufe da ganye. Allah ya jiƙan Malam, ya ba mu ikon riƙe amanar talakawa, amin.