Haƙoran bulon: abin da tsohon mazaunin bindiga yake nema ga mai tur

A watan Disamba na shekarar 1916 Kawusan da mayaƙansa suka kewaye barikin Faransawa na Agadas, ba a kuwa kore su ba sai a watan Maris na 1917. Cikin wannan tsakani Turawan Ingila suka turo sojoji daga Najeriya don su taimaki Faransawa, har suka iso Madawa da Tawa. Ta haka makaman ƙasashe biyu suka haɗu a ƙasar Adar, alhali bulon ɗin wannan ba ya shiga notin wancan. Wannan saɓani yana nan har yau, shi ne kuma yake gaban duk ma'aikacin da aka kawo wa tsohon ƙarfe na zamanin nan don ya gyara.

Babbar bindiga mai ɓarin harsashi ba ta harbuwa a hannu. Ana girka ta bisa mazauni mai ƙafa uku, kamar tukunya bisa murhu. Bindigar Hotchkiss ta Faransa, samfurin 1914, ita da mazauninta sun kusa kilo 50. Ƙafafun ba su cika lalacewa ba. Abin da tsatsa da rairayi suke ci shi ne buloli, waɗanda suke ɗaure ƙafafu da wanda yake ɗaga bakin bindiga. A mazaunin Vickers na Ingila, wannan na ɗagawa biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, guda yana murɗuwa dama, guda hagu. Babu kantin da yake sayar da irinsa.

Dalili kuwa shi ne, kowace ƙasa da ma'auninta. A 1841 wani Bature na Ingila, Joseph Whitworth, ya tsara haƙoran bulon bisa inci, kowane haƙori da kusurwa mai digiri 55. A 1864 William Sellers na Amurka ya kawo nasa mai digiri 60. Faransa da wasu maƙwabtanta suka amince da na milimita a taron Zurik na 1898. Bulon mai kaurin rabin inci, na Whitworth yana da haƙora 12 cikin inci guda, na Amurka 13. Ido ba ya rabe su. Noti yana shiga zagaye biyu ko uku, sa'an nan ya cije. Mai gaggawa sai ya sa babban sufana ya matsa, ya cinye haƙoran ramin da aka yanka shekara ɗari da suka wuce, kuma ba su komowa. Ko cikin milimita ma akwai tarko: tsohon bulon na Faransa mai kaurin milimita 5 tazarar haƙoransa 0,90 ce, na yau kuwa 0,80.

Saboda haka gwanin aiki ba ya fara da yanka. Sai ya wanke tsohon bulon da kananzir, ya auna kaurinsa, ya ɗora masa ma'aunin nan mai kama da matsefi har ya sami wanda ya zauna daidai, ba haske tsakani. Daga nan ya wasa bakin wuƙarsa bisa kusurwar da ya gani, 55 ko 60, ya koma ga injin sassaƙar ƙarfe da makanikai suke kira tur. A jikin tur akwai doguwar sanda mai haƙora wadda take jan wuƙa yayin da ƙarfe yake juyawa, kuma giyoyin da ke tsakaninsu su ne suke ƙayyade tazara. In tur ɗin na milimita ne ana son haƙoran inci, sai an sa giya mai haƙora 127, domin inci guda milimita 25,4 ne, biyar ɗinsa kuwa 127. Wanda ya yi karatun manya ya iya lissafi yana iya tabbatar da wannan bisa takarda. Giyar nan ita ce takan ɓata a tsofaffin injuna, kuma wanda ya sayi tur ba tare da ita ba ya sayi rabin inji.

Yankan kansa aikin haƙuri ne. Wuƙa takan bi hanya guda sau goma ko fiye, kowace tafiya tana ɗebe abu kaɗan, ana zuba mai. Da giya 127 a jiki, ba a raba wuƙa da sandar jagora. Sai a ja ta baya, a juya injin da baya, a sake. Mai hankali yakan gwada bisa guntun ƙarfe tukuna, kafin ya kusanci ramin asali.

Mazaunin bindiga dai kayan ɗakin tarihi ne, ba kullum ake kawo shi ba. Amma hannun da ya iya shi, shi ne yake tayar da tsohuwar Land Rover mai bulolin inci wadda ta tsaya tsakanin Tawa da Abalak, da Peugeot mai na milimita, da injin niƙa na ƙauye. Bututun famfo ma, har waɗanda suka zo daga Faransa, haƙoransu na Whitworth ne masu digiri 55, kuma wanda ya ɗaura musu notin milimita a bakin rijiya zai ga ruwa yana tsiyaya kafin ya tattara kayan aikinsa.