Allo da Takarda: Yadda Manhaja ke Rubuta Fayil da Karanta Shi

Duk wanda ya san makarantar allo ya san cewa rubutun allo ba ya daɗewa. Da zarar an haddace sai a wanke, a rubuta wani. Abin da ake son ya yi shekara da shekaru kuwa, a takarda ake rubuta shi, a adana cikin gafaka. Ita ma kwamfuta tana da allonta da takardarta. Allon shi ne ƙwaƙwalwar wucin gadi, inda manhaja ke riƙe lambobi da kalmomi yayin da take aiki. Da an rufe manhajar, ko wuta ta ɗauke, shi ke nan an wanke allon. Takardar kuwa ita ce fayil, wanda ke zaune a faifan kwamfuta ko an kashe ta. Saboda haka ɗalibin da ya rubuta manhajar lissafa makin jarrabawa, muddin bai iya ajiye makin a fayil ba, kullum sai ya sake shigar da su tun daga farko.

Mene ne Fayil ɗin Rubutu?

Kwamfuta ba ta san baƙi ko wasali ba, lamba kawai ta sani. Kowane fayil jerin lambobi ne, kowace lamba tsakanin 0 da 255, kuma ana kiran kowace ɗaya bayit. Fayil ɗin rubutu shi ne wanda aka yi ittifaƙi cewa lambobinsa na wakiltar haruffa. A tsarin ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, lamba 65 ita ce babban harafin A, lamba 55 ita ce alamar 7, lamba 32 kuma ita ce tazarar da ke tsakanin kalmomi. Hatta ƙarshen layi yana da tasa lambar, wato 10. A Windows akan haɗa 13 da 10, gadon zamanin injinan buga saƙo, inda ake mayar da kan injin farkon layi, sannan a tura takarda sama. Irin wannan fayil ne Notepad ke samarwa. Na Word daban yake, domin yana ƙunshe da bayanan launi da girman haruffa da sauran ado.

Buɗewa, Aiki, Rufewa

Matakai uku ne, kuma kusan haka suke a dukkan harsunan kwamfuta: a buɗe fayil, a yi aiki, a rufe. Misalan da ke tafe da Python aka rubuta su, harshen da Guido van Rossum na ƙasar Holan ya fitar a 1991.

with open("maki.txt", "w", encoding="utf-8") as f:
    f.write("Ɗanladi,68\n")
    f.write("Binta,74\n")

Layin farko ya faɗi abubuwa uku: sunan fayil, da dalilin buɗe shi, da tsarin mayar da haruffa lambobi. Alamar \n ita ce ƙarshen layi. Idan aka manta da ita, sunayen za su manne da juna a layi guda.

Dalilin buɗewa da harafi ɗaya ake bayyana shi, kamar yadda ake yi a harshen C na Dennis Ritchie. Harafin r na karatu ne, w na rubutu, a kuma na ƙari a ƙarshen abin da ke ciki. A nan ne sabon shiga ya fi tafka asara. Harafin w ba ya tambaya kuma ba ya gargaɗi. Idan akwai fayil mai wannan suna, nan take ake share duk abin da ke cikinsa, tun kafin a rubuta ko da harafi ɗaya. Malamin da ya tara makin aji guda na zango biyu, ya zo ƙara na uku ya sa w a maimakon a, ya rasa na baya gaba ɗaya, kuma ba zai same su a kwandon shara na kwamfuta ba. Rigakafin shi ne a riƙa ajiye kwafi kafin gwaji. Python tana kuma da harafin x, wanda ke ƙirƙirar sabon fayil amma ya ƙi aiki idan ya tarar da mai sunan.

Me ya sa Rufewa ta Zama Dole?

Rubutu a faifai yana da jinkiri ainun idan aka kwatanta shi da aikin ƙwaƙwalwa. Don haka manhaja ba ta kai kowane harafi faifai shi kaɗai. Takan tara su a wata 'yar matattara, tamkar motar haya a tasha da ba ta tashi sai ta cika. Rufe fayil daidai yake da a ce wa direba ya tashi ko da saura gurbi. Idan manhaja ta tsaya bagatatan ba a rufe ba, sauran fasinjojin suna nan a tasha, wato layukan ƙarshe ba su isa fayil ba, wani lokaci ma a tarar da shi wayam. Amfanin kalmar with ke nan: ita ke ɗaukar nauyin rufewa da zarar an gama layukan da ke ƙarƙashinta, ko da kuwa an samu kuskure a tsakiyar aiki.

Karantawa

with open("maki.txt", "r", encoding="utf-8") as f:
    for layi in f:
        suna, maki = layi.strip().split(",")
        print(suna, int(maki) + 5)

A nan ana ɗauko layi ɗaya bayan ɗaya, a datse alamar ƙarshen layi, a raba shi gida biyu a inda waƙafi yake. Karatun layi-layi ya fi a kwaso fayil duka a lokaci guda, domin ko girmansa ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwa aikin zai tafi. Abin lura kuma shi ne, duk abin da ya fito daga fayil ɗin rubutu, rubutu ne. Makin 68 haruffa biyu ne, 6 da 8, har sai int ta mayar da su adadi. Wanda ya haɗa "68" da "5" a matsayin rubutu, 685 zai samu, ba 73 ba. Idan kuwa manhaja ta ce ba ta ga fayil ba, galibi yana wata jaka ce daban da wadda take dubawa, ko kuma an yi kuskuren rubuta sunansa.

Haruffa Masu Lanƙwasa

Ga mai rubutu da Hausa, abu na uku a layin buɗewa ya fi komai muhimmanci. Gurabe 128 kacal ASCII ke da su, kuma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, balle ƴ da ake amfani da ita a Nijar. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ne ya ba su lambobi: ƙ ta samu 409, ɓ 595, ɗ kuma 599. To amma bayit ɗaya ba ya wuce 255. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, dabarar da ta bar haruffan ASCII a bayit ɗai-ɗai, ta ba sauran daga biyu zuwa huɗu. A wannan tsari ana rubuta ƙ da bayit biyu, 198 da 153.

Fayil ɗin rubutu bai cika ɗauke da shaidar tsarin da aka rubuta shi da shi ba. Idan aka rubuta da UTF-8, aka karanta da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, za a fassara 198 da 153 a matsayin alamomi biyu daban, sai kalmar ƙasa ta fito Æ™asa. Sigogin Python da dama, idan ba a ambata musu tsari ba, sukan ɗauki wanda kwamfutar ke bi, shi ya sa manhaja kan yi aiki lafiya a wata na'ura ta ƙi a wata. Wasu kan guje wa matsalar ta hanyar zubar da lanƙwasa, alhali ƙasa daban, kasa daban, haka ma ƙafa da kafa. Maganin bai wuce a rubuta encoding="utf-8" a wurin rubutu da wurin karatu ba.

Gwaji a Aji

Malami zai iya nuna wannan duka cikin darasi guda. A sa ɗalibai su rubuta kalmar kasa ita kaɗai a fayil ɗaya, ƙasa a wani, ba tare da alamar ƙarshen layi ba, sannan su duba girman kowanne. Na farko bayit 4 ne, na biyu 5, ko da yake haruffa hurhuɗu ne a ido. Daga nan a sa su buɗe kwafin fayil ɗin maki da w, su rufe ba su rubuta komai ba, su duba girmansa. Sifilin da za su gani zai fi dogon gargaɗi zama a zukatansu, kuma gara su gan shi a kan kwafi da su gan shi a kan makin aji.