Injin Zarto: Sanda Ko Katakon Dannawa?

Duk wanda ya bi ta Kokomlemle da safe, ko ya ratsa lungunan Nima da Maamobi, ba zai rasa jin kukan injin zarto ba. Yaranmu da yawa a nan suke neman halaliyarsu, suna tsaga wawa da odum da ofram da aka sayo daga Timber Market. Sai dai kuma a masallatanmu mun sha gaisawa da kafinta mu ji hannunsa bai cika ba.

Kwanan baya mun je duba wani yaro ɗan koyo. Mastansa ya fita sallar azahar, shi kuwa ya ce bari ya ƙarasa tsaga wani siririn falanki. Ya tura da babban yatsa, katakon ya zille, yatsu biyu suka tafi. Shekararsa 17.

Zarton inci 10 yana juyawa sau 3,000 zuwa 4,000 a minti ɗaya, hannun mutum ba ya iya tsere masa. Ko a Amurka, hukumar kare masu sayen kaya ta ƙiyasta raunuka kusan 30,000 a shekara daga wannan inji. A can wani mai suna Steve Gass ya ƙirƙiro SawStop a 1999, injin da ke tsayar da zarto da zarar ya taɓa fata, aka fara sayar da shi a 2004. To, amma wane shagon Zango ne zai iya kuɗinsa? Abin da ke hannunmu shi ne guntun katako, wanda kullum ake sharewa a zubar.

Kayan turi iri biyu ne. Na farko sanda ce mai ƙugiya a baki, wadda ke kama gindin falanki. Hukumar lafiyar ma'aikata ta Ingila ta ce tsawonta kada ya gaza santimita 45, a kuma ɗauke ta idan ya rage santimita 30 a gama yanka. Amfaninta, hannu yana nesa da zarto. Illarta, gindi kawai take riƙewa. Gaban katakon yana iya ɗagawa, haƙoran baya su kama shi su harbo shi cikin mai yanka. Mun ga wanda irin wannan harbi ya kwantar mako biyu, alhali zarto bai taɓa shi ba.

Na biyu katakon dannawa ne: guntun katako mai faɗi, da mariƙi a sama da ɗan dunduniya a baya. Shi yana danna falankin ƙasa, yana kuma tura shi gaba. Ga gajeren katako ko faifai mai faɗi, ya fi sanda nesa ba kusa ba. Amma fa hannu yana bi ta gefen zarto, don haka mariƙin ya zama dogo, kuma kada a haɗa shi da ƙusa inda haƙori zai ci. Gam da turakun katako sun isa. A ganinmu kowane inji ya kamata ya sami duka biyun, rataye inda hannun dama zai kai. Idan suna cikin akwati, ba mai ɗaukowa.

Su ma ba za su yi aiki ba idan an cire wuƙar nan da ke bayan zarto, wadda yawancin shagunanmu suka kwance wai tana ɓata lokaci. Ita ce ke hana ɗanyen katako matse zarto, kuma da damina katakonmu ɗanye ne. A mayar da ita, tazararta da haƙora kada ta wuce milimita 8.

Jama'a, a cire babbar riga da zobe da safar hannu kafin a kunna. Wanda ya tuna dumsor na 2015 ya san wani tarkon: wuta ta ɗauke, yaro ya sa hannu zai zaro katako, wuta ta dawo. A kashe makunni tukuna.

Idan tsautsayi ya faru, a danne raunin da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannun sama. Yatsan da ya fita a naɗe shi da ƙyalle mai danshi, a sa cikin leda a ɗaure, sannan a ɗora ledar a kan ƙanƙara; kada naman ya taɓa ƙanƙarar. Ban da toka, ban da man birki. A nufi Korle Bu nan take, inda ake da sashen tiyatar gyaran jiki.