Kufan Satiru: Fatalwa Ce Ko La'anar Sarki?

Duk manomin ƙasar Malumfashi da Funtuwa ya san darajar kufai. Inda mutane suka daɗe suna zaune, toka da juji da kashin dabbobi sun ratsa ƙasa, dawa da masara kan yi kyau ko ba a zuba taki mai yawa ba. To idan aka ji an bar kufan gari guda shekara da shekaru ba mai kai masa fartanya, a san akwai dalili. Haka ta faru ga Satiru, wani ƙauye mai tazarar kamar kilomita 22 kudu da birnin Sakkwato.

Irin labaran da ake laƙaba wa wuraren da aka zubar da jini sananne ne a ƙasar Hausa. Wani ya ce ya ji kiɗan tambari da tsakar dare, wani ya ce sukuwar dawaki, wani kuma ya ga mai farin kaya a gindin tsamiya, da ya waiwaya ya ɓace. Kullum dai wanda ya gani ɗin abokin wani ne. Malamai kuwa sun sha faɗi cewa mamaci ba ya dawowa yawo a duniya, in ma an ga wani abu, sai dai aljani. Amma a Satiru ba sai an nemo aljani ba kafin a gane abin da ya kori mutane.

A 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Satiru a lokacin matattara ce ta talakawa da almajirai da bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu, mutanen da ba su da abin yi wa sarauta godiya, balle Nasara. A 1904 malamin garin ya ce shi ne Mahadi, aka kama shi, ya mutu a tsare. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi. Sai ga wani malami makaho, wanda aka fi sani da Ɗan Makafo, ya tsallako daga ƙasar da Faransa ke mulka bayan an murƙushe irin wannan bore a can, ya ƙara wa wutar itace.

Ranar 14 ga Fabrairu, 1906, muƙaddashin Razdan na Sakkwato, Preston-Hillary, ya tafi da sojan doki don ya kamo shugabannin. Ya raina su, ya wuce gaban sojojinsa da niyyar yin magana. Mutanen Satiru suka auka musu da fartanya da gatari da kibiya. Aka kashe shi da mataimakinsa Scott da hafsan soja Blackwood da sojoji fiye da ashirin, aka ƙwace babbar bindigar nan mai ruwan harsashi, Maxim. Malam Isa ma ya samu rauni, bai tashi ba.

Abin da ya tsorata Gwamna Lugga shi ne kada sarakuna su bi bayan boren. Ba su bi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Biyu ya tsaya tare da Turawa, domin masu cewa a daina biyan haraji, bawa kuma ya bar ubangijinsa, barazana ce gare shi kamar yadda take ga Nasara. Ranar 10 ga Maris sojoji sama da 500 suka isa Satiru, dawakin Sakkwato na biye. Ba za a kira abin da ya faru yaƙi ba. Kimanin mutum 2,000 aka kashe, aka bi waɗanda suka gudu daji, aka kwashe mata da yara wajen 3,000 aka rarraba su, aka ƙone garin ƙurmus. An yanke wa Ɗan Makafo hukuncin kisa a Sakkwato. Ko a Landan abin ya tayar da ƙura, har Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ofishin mulkin mallaka, ya nuna ƙyamar yadda aka karkashe mutanen da kusan ba su da makami.

Girgizar ta kai har ƙasar Katsina. A cikin wannan shekara Turawa suka tuɓe Sarkin Katsina Yero, wanda ba su amince da biyayyarsa ba, suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko, wanda gidansa ke sarauta har yau. Haɗeja ma ta sha wuta a watan Afrilu, aka kashe sarkinta.

Bayan an gama ƙone Satiru, Sarkin Musulmi ya tsine wa duk wanda ya sake gina gida a wurin ko ya noma gonakinsa. Wannan shi ne tushen tsoron. Ga Bahaushen wancan zamani bakin Sarkin Musulmi ya fi kowace doka ta Bature nauyi, kuma ba ya buƙatar dogari ya tsare shi. Uba ya hana ɗansa zuwa wurin, ɗan ya hana nasa, a hankali dalilin ya shuɗe, hanin ya tsaya. A ganina a nan ne labarin fatalwa ke samun ƙofa: yaro ya tambayi abin da ya sa ba a zuwa can, babba kuma ba ya so ya ce sarkinmu ne ya haɗa kai da Nasara aka hallaka Musulmi 'yan'uwa. Ya fi masa sauƙi ya ce wurin yana da mutanen ɓoye.

Ba mu kaɗai ba ne. A arewacin Birtaniya akwai filin Culloden, inda aka murƙushe boren Yakubawa masu neman maido da gidan sarautar Stuart ranar 16 ga Afrilu, 1746. Can ma ana cewa tsuntsu ba ya kuka a wurin, kuma duk ranar da shekara ta zagayo akan ji ƙarar takubba. Amma a 1881 an kafa duwatsu masu sunayen dangogin da aka binne, yau kuma akwai gidan tarihi a gefen filin, jikokinsu na zuwa daga Amurka da Kanada. Mutanen Satiru ba a bar musu zuriya a wuri ɗaya da za ta riƙe sunayensu ba. Yawancin abin da masana irin su R. A. Adeleye suka tattara a kan boren daga rahotannin Burdon, Razdan na Sakkwato, da Lugga ya fito, wato daga bakin waɗanda suka ba da umarnin harbi.