Tseren Comrades: Kilomita 90 Kafin Ƙarar Bindiga

A kowace shekara, galibi cikin watan Yuni, dubban mutane kan yi sammako su taru a gaban zauren majalisar birnin Durban ko na Pietermaritzburg, a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, domin shiga tseren gudun ƙafa na Comrades. Nisan tseren yakan kai kusan kilomita 90, gwargwadon hanyar da aka bi a shekarar, wato ya ninka gudun fanfalaki na wasannin Olamfik har da ɗoriya. Ƙalilan ne daga cikin mahalarta gudu ya zama sana'arsu. Sauran malaman makaranta ne, da direbobi, da ma'aikatan asibiti, da 'yan kasuwa, da dattawan da suka yi ritaya. Ba su sa ran zuwa na ɗaya. Burinsu dai su tsallaka layin ƙarshe kafin cikar sa'o'i 12.

Wannan wa'adi kuwa babu sassauci a cikinsa. Idan lokaci ya kusa cika, wani jami'i yakan tsaya a bakin layin, ya juya wa masu gudu baya don kada tausayi ya kama shi, yana duban agogo. Da zarar daƙiƙar ƙarshe ta buga sai ya harba bindiga, a tare hanya. Wanda taku ɗaya ya rage masa, da wanda ya janye tun da hantsi, duk hukuncinsu ɗaya: babu lambar yabo, kuma sunansu ba zai shiga jerin waɗanda suka kammala ba.

Asalin tseren

Wani tsohon soja mai suna Vic Clapham, wanda ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a Gabashin Afirka, shi ne ya ƙirƙiro tseren domin tunawa da abokan famansa da suka kwanta dama. Daga nan ne ma aka samo sunan, wanda ke nufin abokan gwagwarmaya. An yi na farko ranar 24 ga watan Mayu na 1921. Mutum 34 suka tashi daga Pietermaritzburg, 16 suka isa Durban, kuma Bill Rowan ya zo na ɗaya cikin sa'o'i 8 da minti 59. Tun daga lokacin, Yaƙin Duniya na Biyu ne ya dakatar da tseren daga 1941 zuwa 1945, sai kuma annobar korona a 2020 da 2021.

An shafe fiye da shekaru 50 tseren yana hannun maza farar fata kaɗai. Frances Hayward, mace ta farko, ta yi gudun a 1923, haka kuma Robert Mtshali, baƙar fata na farko, ya kammala a 1935, amma dukansu ba a amince da su a hukumance ba. Sai a 1975 aka buɗe ƙofa ga mata da baƙaƙen fata, kuma a 1989 Sam Tshabalala ya zama baƙar fata na farko da ya lashe tseren. Bayan rushewar mulkin wariyar launin fata jama'a suka ƙara yin tururuwa, har a shekara ta 2000 kusan mutum 24,000 suka ba da sunayensu.

Hawa da gangara

Bisa al'ada akan sauya alƙibla daga shekara zuwa shekara. Idan an tashi daga Durban da ke bakin teku zuwa Pietermaritzburg da ke kan tudu, to shekarar hawa ce. Idan an juya, shekarar gangara ce. Ko ta wane ɓangare aka taso, sai an ratsa manyan tuddai biyar da kowane ɗan tsere ya haddace sunayensu: Cowies, Fields, Botha's, Inchanga da Polly Shortts. A shekarar hawa, Polly Shortts yakan tari mutum ne bayan ya riga ya ci kusan kilomita 80, kuma a nan ne za a ga ƙarti majiya ƙarfi suna jan ƙafa, hannuwansu a kan gwiwa.

Wanda bai sani ba zai ɗauka gangara ta fi sauƙi. To amma tsofaffin 'yan tsere sun fi shakkarta. Dalili kuwa shi ne, a duk takun da mutum ya yi yana gangarowa, tsokar gaban cinya ce ke riƙe nauyin jiki kamar birki, tana miƙewa alhali tana ɗauke da kaya. Bayan dubban taku irin wannan sai zaren tsokar ya fara yayyagewa a hankali. Wanda ya saki jiki ya kwararo daga tudun Fields da gudu, yakan isa gefen Durban ƙafafunsa sun zama kamar itace. Washegari akan ga 'yan tsere suna sauka daga matakalar bene da baya-baya, saboda cinya ta ƙi lanƙwasuwa.

Ciwo tun kafin ranar

Mutane da dama tserensu yakan ƙare ne tun ba a je Durban ba. Kafin a karɓi mutum sai ya cika shekara 20, kuma ya kammala wani tseren share fage, kamar gudun kilomita 42, cikin lokacin da aka ƙayyade, wanda bai wuce sa'o'i biyar ba. Yawanci atisaye yakan kankama ne daga watan Janairu, ya yi tsanani a Maris da Afrilu. Ga mai aikin albashi ko mai neman na abinci, hakan na nufin tashi tun kafin asuba, a daidai lokacin da hunturun kudancin Afirka ke ƙaratowa, a yi gudu cikin duhu, a dawo a yi shirin aiki.

A wannan tsakani ne raunuka ke kunno kai. Waɗanda aka fi fama da su sun haɗa da ciwon gwiwa, da zogin ƙwauri, da kumburin agara, da ciwon tafin ƙafa kusa da diddige wanda ya fi tsanani a takun farko na safiya, sai kuma tsagewar ƙashi da ke faruwa sannu a hankali ba tare da an faɗi ko an buge ba. Likitocin wasanni sun daɗe da gano cewa akasarinsu tushensu ɗaya ne, wato ƙara nisa da sauri fiye da yadda jiki zai iya ɗauka. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da wahala cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiya sai sun ɗauki watanni. Saboda haka mutum zai ji numfashinsa ya yi daidai, ya ɗauka ya ƙware, ya ƙara kilomitoci, alhali ƙashin ƙwaurinsa bai shirya ba.

A nan ne ɗan sha'awa ya bambanta da ƙwararre. Ƙwararre yana da mai horarwa da likita, kuma idan ya gama atisaye sai ya kwanta ya huta. Shi kuwa ɗan sha'awa daga gudu sai wurin aiki, wataƙila ma a tsaye zai wuni. Ga kuɗin rajista da ya biya, ga takalmi mai tsada, ga 'yan'uwa da abokan aiki duk sun ji labarin zai tafi Comrades. Don haka idan gwiwa ta fara magana, abu ne mai wuya ya saurare ta. Sau da yawa ciwon da hutun mako guda zai warkar, shi ne ke zama jinyar wata uku.

Abin da ke kayar da mutane a hanya

Kafin a tashi, taron yakan rera waƙar Shosholoza ta ma'aikatan haƙar ma'adinai, sannan a saki faifan carar zakara, al'adar da ta samo asali daga wani ɗan tsere mai suna Max Trimborn wanda ya saba yin cara a bakin layi. Jini yakan hau, kuma a nan kuskuren farko yake. Lissafi ya nuna cewa mai son cika wa'adi yana da kimanin minti takwas a kowace kilomita, wanda bai wuce sassarfa haɗe da tafiya ba. Amma da sanyin safiya da ihun 'yan kallo, mutum yakan zarce ƙa'idarsa da nufin tara lokaci, sai ya biya bashin da la'asar. Bruce Fordyce, wanda ya lashe tseren sau tara tsakanin 1981 da 1990, ya yi suna ne wajen barin abokan hamayya su yi gaba da safe, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya a rabin ƙarshe.

Hatta ruwan sha yana da nasa haɗari. A 1985 Farfesa Tim Noakes na Jami'ar Cape Town da abokan aikinsa suka wallafa bayani kan 'yan gudun dogon zango da suka galabaita saboda yawan shan ruwa. Idan mutum ya ɗirki ruwa fiye da abin da jikinsa ke fitarwa, gishirin jininsa yakan tsinke, ƙwaƙwalwa ta kumbura, har abin ya kai ga ruɗewa ko suma ko rasa rai. Masu tafiya a hankali ne suka fi shiga wannan haɗari, domin sun fi daɗewa a hanya, kuma sun fi tsayawa a kowane teburin ruwa. Shawarar da ake bayarwa yanzu ita ce mutum ya sha gwargwadon ƙishirwarsa.

Haka nan likitoci suna gargaɗi game da haɗiyar magungunan kashe zafi irin su ibuprofen a tsakiyar gudu, saboda suna iya yi wa ƙoda lahani a lokacin da jiki ya riga ya jigata. Suna kuma hana mai zazzaɓi ko mura mai tsanani shiga tsere, domin ƙwayar cutar na iya taɓa tsokar zuciya. Gargaɗin ba na wasa ba ne. An sha rasa rayuka a tarihin Comrades, kuma a 2022 'yan tsere biyu ne suka rasu.

Baya ga layin ƙarshe, akwai wasu shingaye a hanya, ciki har da na Drummond da ke tsakiyar tafiya. Wanda bai iso cikin lokaci ba, sai a ɗauke shi a mota. 'Yan tsere da yawa sun ɗauki shiga wannan mota a matsayin abin kunya, amma ga wanda jiri ya kama ko ƙirjinsa ya ɗaure, shigarta ita ce ke ba shi damar dawowa baɗi.

Me ke mayar da su?

Masu shirya tseren sun fahimci cewa talakan ɗan gudu yana bukatar abin da zai sa a gaba. Shi ya sa lambobin yabo suke hawa-hawa. Goma na farko suna samun zinariya. Akwai azurfa ga wanda ya kammala ƙasa da sa'o'i bakwai da rabi, da lambar Bill Rowan ga ƙasa da sa'o'i tara, da ta Robert Mtshali, wadda aka ƙirƙiro a 2019, ga ƙasa da goma, sai tagulla ga ƙasa da 11. Mutanen sa'ar ƙarshe kuwa lambar Vic Clapham ake rataya musu. Ta haka kowa yana da abokin hamayya daidai da shi, wato lokacin da ya yi bara.

Abin da ya fi kowanne daraja a idon ɗan sha'awa shi ne koriyar lamba. Duk wanda ya kammala sau goma, lambar da ke ƙirjin rigarsa ta zama tasa har abada, ba za a sake bai wa kowa ba. Sauri ba ya sayen wannan ga mutum na yau da kullum, sai shekaru goma na lallaɓa jiki.

Akwai kuma abin da ake kira bas, ko da yake babu taya a ƙarƙashinsa. Wani gogaggen ɗan tsere ne ke ɗaura tuta a bayansa ɗauke da lokacin da zai isa, jama'a su bi shi. Shi ke faɗin inda za a yi gudu da inda za a taka, da waƙa da kirari. Bas ɗin sa'o'i 12 yakan kwaso ɗaruruwan mutanen da da su kaɗai ne da tuni sun zauna a gefen titi. A kusa da Inchanga kuma, yaran makarantar naƙasassu ta Ethembeni sukan jeru a bakin hanya suna miƙa hannu, kuma 'yan tsere da dama kan ce wurin yana sa mutum ya manta da ƙorafin gwiwarsa.

Tarihin tseren ya nuna inda haƙuri ke kai mutum. Wally Hayward ya lashe shi a 1930 yana ɗan shekara 21, sannan ya dawo a 1989 yana da shekara 80 ya kammala saura ƙasa da minti biyu wa'adin wancan zamani na sa'o'i 11 ya cika. Bajintarsa ta tsaya har 2023, lokacin da Johannes Mosehla na lardin Limpopo ya kammala yana da shekara 81, cikin ƙasa da sa'o'i tara da rabi. A 2025 kuma Louis Massyn ya zama mutum na farko da ya kammala tseren sau 50.

Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A hanyar Durban an yanka wa daɗewar iyaka, amma duk da haka masu gaggawa ne suka fi cika motar ɗaukar waɗanda suka gaza. Shi kuwa wanda bindiga ta tsayar a bakin layi, abin da ke gabansa shi ne jinyar ƙafa na 'yan makonni, sannan ya jira a buɗe rajistar shekara mai zuwa.