Ɗaga Ƙafar Mota: A Duba Kafin a Biya Kuɗi

A 'yan shekarun nan duk wanda ke cin kasuwannin kara na bakin iyaka, irin su Maigatari da Mai'aduwa da Illela, ko ya ƙetara zuwa Dungas da Tanut da Abalak, ya ga akori-kura Land Cruiser da Hilux sun ƙara tsawo sai ka ce raƙuma. 'Yan ƙungiya da yawa sun tambaye mu ko wannan aiki yana da amfani ga falke, ko kuwa ado ne kurum na samari. To ga abin da muka sani.

Abin da ake kira kayan ɗaga mota shi ne sabon sifirin wanda ya fi na kamfani tsawo da ƙarfi, tare da shokozoba dogaye da robobi da kusoshinsu, duk a kwali guda. Mafi yawan masu suna daga Ostireliya suke fitowa, kamar Old Man Emu da Ironman da Dobinsons, domin can ma ƙasar makiyaya ce mai nisan daji, kuma Land Cruiser ce dokinsu. Galibi inci 2 suke ƙara wa mota, watau santimita 5.

Amfanin a bayyane yake. Cikin mota da tankin mai da gindin bodi sun yi nesa da ƙasa, saboda haka in an zo gangara ƙorama ko hawa gaɓar kwazazzabo ba za a riƙa daka bayan motar ba. In kuma an zaɓi sifirin mai ɗaukar nauyi, motar ba ta durƙusawa idan an ɗora mata durom na mai da jarkokin ruwa da buhunan dusa.

Amma ga inda masu sayarwa ba su cika yin bayani ba. Abin da ya fi kusa da ƙasa a irin waɗannan motoci shi ne tulun aksul, wannan ƙulli da ke tsakiyar ƙafafun baya, wanda masu Faransanci ke ce wa fon. Sifirin yana ɗaga abin da ke bisa aksul ne kawai, tulun yana nan inda yake. Ashe ke nan in gingimari ta haƙa rami biyu a cikin firgi na wajen Gamborun Ngala lokacin damina, ta bar tudu a tsakiya, motar da aka ɗaga da wadda ba a ɗaga ba duk a wuri guda za su zauna. Taya ce kaɗai ke ɗaga tulu, ita ma rabin abin da aka ƙara. In an bar taya mai inci 31 an sa mai inci 33, inci guda tak tulun ya samu. Ga kuma kuɗinsa: motar ta ƙara shan mai, ta rage ƙarfin ja, birki ya ƙara wahala, agogon tafiya kuma ya fara ƙarya, domin in ya nuna kilomita 100 an yi wajen 106. A rairayi kuwa, irin na arewacin Damagaram, rage iskar taya ya fi duk wani ɗagi aiki, kuma ba a biyan ko sisi.

Babbar magana a gare mu ita ce ta lodi. Sifirin mai ƙarfi ba ya ƙara abin da kamfani ya yanka wa mota ta ɗauka. Shasi da boris da birki da aksul duk na da ne. Akori-kura Land Cruiser wajen tan guda aka yi ta ta ɗauka, har da direba da mai da yaran mota. Bijimai uku masu kilo 350 kowanne sun riga sun wuce iyaka. Da can in an cika lodi sai motar ta zauna, kowa ya gani, direba ya yi ta ƙorafi. Yanzu tana nan a miƙe kamar ba komai, sai mai kaya ya ce a ƙara maraƙi ɗaya. Haka ake karya aksul a dokar daji.

Kuma shanu ba buhunan gero ba ne. Kaya ne mai rai, mai tsawo, mai motsi. An ɗaga mota nauyinta ya ƙara hawa sama, ga dabba ta yunƙura gefe guda daidai lokacin da ake shan kwana ko kauce wa rami, ga yara biyu a zaune kan ƙarfen bodi. Motar da ta fi tsawo ta fi saurin kifewa, wannan babu gardama. Saniyar da ta karye a hanya sai a sayar wa mahauta a wulaƙance, yaron mota kuwa ɗan wani ne. Don haka a ra'ayinmu motar da aikinta ɗaukar dabbobi ne kada a wuce mata inci 2, in ma dole ne a ɗaga.

Akwai wani ɗan abu da makanikai da yawa ke mantawa. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser suna da wani bawul a baya, haɗe da aksul da siririn ƙarfe, wanda ke auna yadda motar ta zauna ya ba birkin baya ƙarfi gwargwadon lodi. In an ɗaga mota ba a gyara mazauninsa ba, sai ya ɗauka motar fanko ce ko da tana cike, ya rage wa birkin baya ƙarfi. A tsaya a kan bakanike sai ya daidaita shi. A duba tiyon birki kuma, kada ya zama yana miƙewa tsam idan ƙafa ta faɗa rami.

Ƙafar gaba ta danganta da irin mota. Land Cruiser 70, wadda Toyota ta fara yi a 1984, aksul guda take da shi a gaba, kuma daga 1999 aka mai da sifirin gabanta mai naɗi. In aka ɗaga ta ba a gyara kwanciyar aksul da robobin da aka yi don haka ba, sitiyari yakan yi yawo, wani lokaci ya kama karkarwa bayan an faɗa rami. Hilux ta 2005 zuwa yau kuwa kowace ƙafar gaba zaman kanta take yi, kuma in an wuce inci 2 sandunan da ke juya tayoyin gaba sun karkace da yawa, robarsu ta yage, yashi ya shiga, sai sauyi.

Na gida fa? Mun san ana kai sifirin wurin maƙeri a daka shi ya ƙara lanƙwasa, ko a ƙara ganye guda, ko a sa dogon marataya. Ƙarin ganye ba laifi in ƙarfen na kirki ne kuma an sake kusoshin da ke riƙe shi da aksul. Wanda aka daka da guduma kuwa ba ya daɗewa yake komawa yadda yake. Abin da ba mu yarda da shi ba sam shi ne cusa guntun ƙarfe tsakanin sifirin da aksul na gaba, ko yi wa ganyen da ya karye walda.

Jabu ma ya yi yawa, kwali da fenti iri ɗaya. A nemi lambar da aka buga a jikin kayan, a tambayi nauyin da aka yi sifirin dominsa, domin wanda aka yi don lodin kullum in aka sa wa motar da ke yawo fanko sai ya karya wa mutum ƙugu. Bayan an ɗaura a kai motar a saita ƙafa, a sauke fitila don kada ta kashe wa na gaba ido, sa'an nan in an yi kamar kilomita 500 a koma gareji a sake ɗaure notocin aksul, domin sabon sifirin yana zama su saki.