Daga Ƙarfe Biyu Zuwa Shida, Ina 'Ya'yanmu Suke?

'Yan'uwa cikin Almasihu, a yawancin garuruwanmu ana tashi daga makaranta wajen ƙarfe biyu na rana. Uba yana ofis ko gona, uwa tana kasuwa, ba mai dawowa sai yamma lis. Sa'o'i huɗu ke nan yaro ba mai tambayarsa inda ya nufa. A cikin sa'o'in nan ne, ba da tsakar dare ba, yaro yakan fara ɗanɗana wiwi ko sholisho a kango, ya koyi caca, ya yi abokan da za su ja shi cikin daba. Majami'armu kuwa tana nan a kulle, bencuna suna shan ƙura.

Abin ba ƙarami ba ne. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnati a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda a Nijeriya. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Kada mu ruɗi kanmu cewa babu 'ya'yan ikilisiya a cikinsu.

Damuwar nan ba sabuwa ba ce. A 1883, a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotland, wani malamin makarantar Lahadi, William Alexander Smith, ya ga manyan yaransa sun gagare shi. Bai kore su ba. Ya tara su a tsakiyar mako, ya koya musu fareti da horo tare da Maganar Allah. Mafarin Birged ɗin samari ke nan, wanda ganguna da bigilansa suke ƙawata bukukuwanmu har yau. Haka kuma a Gindiri aka kafa zumuntar ɗalibai ta FCS a 1957, domin 'yan sakandare.

Amma mu lura: tara yara kawai ba magani ba ne. In babu babba mai lura, babu aikin yi, majalisar bakin titi ce aka sauya wa wuri, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abin da ke riƙe yaro shi ne lokaci tsayayye, da rajista, da aikin da zai gwada ƙwazonsa, da babban da zai bi shi gida ran da bai zo ba.

Muna da malamai masu ritaya, da teloli, da kafintoci, da Zumuntar Mata. Kowa ya ba da yamma ɗaya a mako: wannan lissafi, wancan ɗinki, wani waƙa ko ƙwallo. Dattawan ikilisiya su ware wani abu daga baiko domin alli da ɗan abin taɓawa. Kada a tambayi yaro ɗarikar iyayensa, ɗa na kowa ne.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bari mu buɗe ƙofar ran Litinin. Ubangiji ya taimake mu.